Tsarabar da Ke Ƙasan Akwati

Duk wanda ya taɓa yin doguwar tafiya ya san daɗin ranar komowa. Tun mota ba ta gama tsayawa ba yara sun fito a guje suna oyoyo, wannan ya kama jaka, wancan ya rungume ƙafa, autan cikinsu kuwa ya tsaya nesa yana leƙe, don ya soma manta fuskar ubansa. A shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa, a dama fura. Kafin la'asar zaure ya cika da maƙwabta masu zuwa barka da sauka. Da dare a buɗe akwati a raba tsaraba: turmin atamfa na uwargida, hula da tasbaha na tsoho, takalma da alewa na yara. Kowa ya sami rabonsa, sai abu guda ya rage can ƙasan akwati, watau wani ɗan littafi mai baƙin bango wanda matafiyin ya yi ta rubuce-rubuce a cikinsa a tasha da masauki da cikin jirgi. Ya ɗauko shi ya jujjuya, ya ce a ransa in ya huta zai zauna ya mai da shi littafi, ko kuwa ya gyara shi ya aika wa jarida. Sa'an nan ya mayar da shi inda ya ɗauko, ya tura akwatin ƙarƙashin gado.

Wannan ɗan littafi shi ne abin magana a wannan fili yau, domin akwai irinsa bila adadin a ƙarƙashin gadaje, daga Sakkwato har Yola, daga Damagaram har zangon Kumasi, kuma mafi yawansu gara ce za ta riga kowa karanta su.

Yadda abin ke faruwa sananne ne. Washegarin sauka, bayan an karya kumallo, uwargida za ta zauna gefen tabarma ta ce, "Malam, ga fa abin da ya gudana bayanka." Buhun masara ya ƙare tun makon jiya, an ranto tiya biyar a maƙwabta. An koro yaro daga makaranta saboda kuɗin zango. Ɗakin tsakiya yana yoyo. An yi rasuwa a gidan surukai ba a je ta'aziyya ba, an yi haihuwa a gidan ƙane ba a kai barka ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan hakki ne, babu wanda za a ɗage. Ranar Litinin kuma a koma wurin aiki a tarar da takardu sun yi tsibi a kan tebur. Da dare in an fita majalisa abokai su ce a ba su labari, shi kuwa ya ba su, su yi dariya, su yi mamaki. Gobe ya sake bayarwa, jibi ma haka. Kafin wata ya zagayo labarin ya sha bayarwa har ya koɗe kamar tsohon kwabo, ƙishirwar faɗarsa ta kwanta, sunayen garuruwa da farashin kaya da fuskokin mutane sun soma cakuɗewa. Daga nan sai a riƙa cewa in an sami hutu za a rubuta, hutun kuwa ba ya zuwa.

Mai karatu yana iya cewa ai wannan ba wata hasara ba ce, don labarin tafiyar wani malami ba shi ne zai hana damina zuwa ba. Amma in an dubi tarihi sai a ga girman ɓarnar. Hausawa matafiya ne tun fil azal. Fatake sun shafe ɗaruruwan shekaru suna bin hanyar Gwanja da jakunansu suna ɗauko goro. Alhazai sun taka da ƙafa ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, waɗansu su yi shekaru a hanya suna noma suna tara guzuri, waɗansu ma su zauna a Sudan har jikoki. A Yaƙin Duniya na Biyu dubban samarin ƙasar nan sun ƙetare teku zuwa Indiya da dazukan Bama. Duk waɗannan sun komo da labari a bakinsu, sun ba da shi a zaure da gindin bishiya, amma ɗan kaɗan ne ƙwarai ya shiga takarda da hannun masu shi. Da tsofaffin suka kwanta dama labarin ya bi su.

Abin da ya tsira ma sau da yawa wani ne ya tsirar da shi. Ga misalin Dorugu, yaron nan mutumin ƙasar Damagaram wanda ya yi wa Bajamushen nan Heinrich Barth hidima a tafiyarsa har Tambutu, sa'an nan ya bi shi Ingila a 1855. Labarin rayuwarsa da abin da ya gani a Turai yana cikin tsofaffin labaran tafiya da ake da su cikin Hausa. Amma dalilin da ya sa ake da shi, wani malamin mishan ne mai suna Schön ya zaunar da shi yana faɗa ana rubutawa, daga baya aka buga cikin littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya komo ƙasar nan ya rayu shekaru masu yawa, har ya rasu a Kano a 1912. Da ba a zaunar da shi a can ba, da wuya a ce yau akwai wanda ya san abin da idonsa ya gani.

Wanda ya nuna yadda ake yi kuwa shi ne Alhaji Abubakar Imam. A 1943, ana tsakiyar yaƙi, lokacin da hawan jirgin ruwa ya zama sai da ƙundunbala saboda jiragen Jamus masu nitso, aka gayyaci editocin jaridun Afirka ta Yamma su ziyarci Ingila. Imam, wanda yake editan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun kafa ta a 1939, yana cikinsu, haka kuma Nnamdi Azikiwe. A can ya ga abin da ya gani, har ya gana da Lugga, tsohon gwamnan nan, ya gaya masa halin da talakawan Arewa ke ciki. Da ya komo Zariya bai tarar da hutu yana jiransa ba. Iyali suna nan da bukatunsu, jarida kuma ba ta san edita ya gaji ba, ranar fitowarta ba ta matsawa. Duk da haka a 1944, shekara guda kacal bayan tafiyar, littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi ya fito. Imam ya rasu a 1981, amma har yau wanda ya so ya san yadda Bahaushe ya ga Ingila a zamanin yaƙi yana da inda zai duba. Malam Aminu Kano ma ya bi wannan sawu da littafinsa Motsi Ya Fi Zama.

Ba wannan ne karo na farko da Imam ya yi rubutu a cikin tsakiyar hidima ba. A 1933, sa'ad da Rupert East na Hukumar Talifi ya zagaya yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai cikin boko, Imam yana ɗan shekara 22, yana koyarwa a Midil ta Katsina. Ya rubuta Ruwan Bagaja yana cikin aikinsa, ya aika Zariya. Wansa, Malam Bello Kagara, ya aika da Ganɗoki. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi ma malamin makaranta ne a Bauchi, ya aika da Shaihu Umar. Daga wannan gasa ce kuma aka sami Idon Matambayi da Jiki Magayi. Gaskiya ne a 1936 an ɗauke Imam daga aji an kai shi Zariya ya yi kamar wata shida yana rubuta Magana Jari Ce, amma wannan gata ne da ya biyo bayan an ga aikinsa na farko. Da ya tsaya jiran a ba shi wata shida kafin ya ɗora alƙalami a takarda, da ba wanda ya san da shi balle ya kira shi.

Darasin da ke nan shi ne, hidimar gida da ta aiki ba su taɓa barin kowa ba, kuma littattafan da ake alfahari da su a cikinsu aka rubuta su. A hanya ana tara kaya ne kawai. Matafiyi yana gani yana ji, amma hankalinsa a rabe yake tsakanin tikiti da masauki da tsaron jaka. Sai ya komo ya zauna a kan tabarmarsa, ya ci tuwon gidansa, ya ji kiran sallar masallacin unguwarsu, sa'an nan yake iya auna abin da ya gano da ma'aunin da ya sani. A lokacin ne zai gane abin da ya ba shi mamaki don baƙunta kawai, da wanda ya cancanci a gaya wa jama'a don su amfana. Saboda haka wanda ke ganin iyali ne suka hana shi rubutu, ya sake tunani.

Sai dai akwai tsari. Abu na farko, a biya gida bashinsa. Mutumin da ya yi wata uku ba ya nan, wata ce ta riƙe masa gidan, ta yi jinyar yara, ta yi dabarar cefane, ta tari baƙi. Ba daidai ba ne ya sauka yau, gobe ya shige ɗaki ya rufe ƙofa ya ce kada a dame shi yana talifi. Kwanakin farko na iyali ne da dangi: a je ta'aziyya, a kai barka, a biya rance, a kira mai gyaran rufi, a duba littattafan makarantar yara, a zauna a saurari uwargida har ta gama. Wanda ya yi haka ya sayi zaman lafiyar da zai yi rubutu a cikinsa. Wanda ya ƙi kuwa, ko ya rufe ƙofa zuciyarsa ba za ta natsu ba.

Abu na biyu, kada a bar mako na biyu ya wuce ba a soma ba, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. A zaɓi lokaci guda wanda ba na kowa ba ne, a tsare shi. Ga mutane da yawa babu kamar bayan sallar asuba, kafin yara su tashi shirin makaranta, gari shiru, waya ba ta soma ƙara ba. Rabin sa'a ya isa a cika shafi guda. Shafi guda kullum, in wata ya cika an sami shafi 30, in an yi wata uku an sami abin da ya kusa girman littattafan gasar 1933, waɗanda dukansu 'yan sirara ne. A fara da abin da ke saurin gudu daga ƙwaƙwalwa: sunayen wurare, ranaku, nisan tafiya, kuɗin mota, abin da aka ci, maganar da wani ya faɗa da yadda ya faɗe ta. Ra'ayi da sharhi suna iya jira, ba inda za su. Kuma a rage ba da labarin a majalisa har sai an rubuta shi, don tulun da ake ɗiba kullum ba a ƙarawa ba ya daɗewa.

Abu na uku, a sa mutanen gida cikin aikin. Marubucin Hausa yana da gatan da bai cika lura da shi ba, watau masu sauraro a tsakar gidansa. In ya gama babi ya karanta wa uwargida da manyan yara da dare. Inda suka yi tsit suna saurare, wurin ya yi. Inda aka soma hamma, a rage. Inda yaro ya ce, "Baba, mene ne wannan?" to, an sa kalmar da ba ta Hausa ba ce, ko an tsallake wani bayani. In uwargida ta ce, "Malam, ai ba haka ka faɗa mana ranar da ka dawo ba," to, gishiri ya soma yawa, sai a koma ga gaskiya. Iyalin da aka karanta wa littafi tun yana jariri su ne za su riƙa korar yara daga bakin ƙofa in an zauna rubutu.

Duk abin da aka faɗa ya fi tsanani a kan mata. Namiji in ya sauka daga tafiya akan ce a bar shi ya huta. Mace kuwa, ko daga Makka ta komo, kafin ta kwance ɗankwali an soma tambayarta inda aka ajiye ludayi. Amma duk da haka Hajiya Hafsat Abdulwaheed ta shiga gasar da Kamfanin Buga Littattafai na Arewa, watau NNPC, ya shirya, aka buga mata So Aljannar Duniya a 1980. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta koma ta nemi ilmi, ta rubuta littattafai, har aka fassara Alhaki Kwikwiyo Ne zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. A 2016 kuma Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata domin mata marubuta gajerun labarai. Mafi yawan abin da matan Hausawa suka rubuta tsakanin murhu da goyo aka rubuta shi. Maigidan da Allah ya ba mace mai alƙalami, in ya ɗauke mata yara na sa'a guda ran Asabar, ya yi wa adabin Hausa hidimar da ta fi dogon jawabi a taro.

To, an rubuta an gama. Saura mataki na ƙarshe, wanda a nan ne da yawa ke cijewa, watau aikawa. Wani kunya ke hana shi, kada a ce wane ya cika son a san shi. Wani tsoro, kada a mayar masa da abinsa. Wani kuma ya yi ta gyara shekara da shekaru, yana jiran ranar da ba sauran aibi, ranar da ba ta cikin kalanda. Ya kamata mai wannan hali ya tuna aikin edita ke nan, ya ga abin da mai rubutu ba ya gani. Su kansu littattafan 1933 sai da suka bi ta hannun East, aka yi musu gyara kafin a buga. Rubutun da ya sha jan alƙalami ya fito ya fi wanda ya tsira da mutuncinsa a ƙasan akwati.

A da, aikawa aiki ne sosai. Sai an nemi mai tafireta, a sa takardar kabon don a sami kwafi biyu, a sayi ambulan da kan sarki, a je gidan waya a yi rajista, sa'an nan a zauna jiran amsa wata da watanni. Yau da wayar hannu ana iya tura littafi sukutum ta imel kafin shayi ya huce. Amma ladubban ba su sake ba. A ajiye kwafi a wuri biyu, don gida biyu maganin gobara, waya kuwa tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. A karanta ƙa'idojin jarida ko kamfani ko gasa tun daga farko har ƙarshe, in an ce kalma 1,500 kada a aika da 3,000. A kula da ƙa'idar rubutu, musamman haruffa masu lanƙwasa da rabewar kalmomi, domin editan da ya ga an rubuta ƙasa ba lanƙwasa a layin farko ya san irin wahalar da ke gabansa. A haɗa da 'yar gajeriyar wasiƙa mai ɗauke da suna da adireshi da bayanin abin da aka aiko. Kada a aika wa gidaje biyu abu guda a ɓoye. In an kai ga maganar bugawa, a nemi yarjejeniya a rubuce, a san kason marubuci da wanda ke da hakkin mallaka, kafin a sa hannu.

Akwai kuma tarko biyu na wannan zamani. Na farko, matafiyi yakan yi ta watsa labarinsa gutsure-gutsure a Facebook da WhatsApp tun yana hanya, har ya komo ba sauran abin da bai faɗa ba, alhali gasa da yawa ba sa karɓar abin da aka riga aka watsa. Na biyu, dogaro da hoto. Hoto ɗari biyar a waya ba za su gaya wa jika abin da kakansa ya ji a ransa ba ranar da ya fara ganin teku, ko abin da direba ya ce da mota ta mutu a dokar daji. Sai kuma amana: wanda ya sauke baƙo ya ba shi abinci bai yi haka don a tona asirin gidansa a jarida ba. A faɗi gaskiyar abin da aka gani, a sakaya sunan da bai kamata a ambata ba.

In an aika, sai haƙuri. Wataƙila a buga, wataƙila a ce a gyara, wataƙila a mayar, wataƙila ma a yi shiru. In an mayar, a duba dalili, a gyara, a gwada wata ƙofa. In an yi shiru har lokacin da aka ɗiba ya wuce, a rubuta a tambaya cikin ladabi. A halin jiran nan kuwa babu abin da ya fi kamar a koma ga harkar yau da kullum, a kai yara makaranta, a je kasuwa, a ziyarci marar lafiya, a kuma buɗe sabon shafi gobe da asuba. Ko da ba a taɓa bugawa ba, wanda ya rubuta ya tsabtace ya ajiye ya bar wa 'ya'yansa gadon da ba a rabawa a ƙare.

Saboda haka malamin nan da ya tura akwati ƙarƙashin gado, in ya gama zagayen ta'aziyya da barka, ya biya tiya biyar ɗin da aka ranto, an kuma toshe yoyon ɗakin tsakiya, sai ya durƙusa ya jawo akwatin. Atamfar da ya kawo za ta koɗe, takalman yara za su yi musu kaɗan kafin baɗi, alewa kuwa tun daren farko aka gama da ita. Tsarabar da ta rage ita ce ta sauran jama'a, waɗanda ba su sami zuwa barka da sauka ba, da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Allah ya ba shi ikon raba ta, ya kuma kai kowane matafiyi gida lafiya, amin.